Yadda ake gane gwal na gaske da mai ruwan gwal

Wata ƙanwata ta kai awarwaron lefenta Babbar Kasuwar Katsina za ta sayar. Mai shagon ya goga shi a dutse, ya yi zane rawaya shar, sai kuma ya ɗauko kofin ruwa da zare. "Hajiya, ki yi haƙuri," in ji shi, "fatarsa muka gani, saura cikinsa." Ashe kallon kitse ake wa rogo.

Ka fara da gwajin fata. Goga kayan a baƙin dutse, ka ɗiga asid a kan zanen. In zanen ya ɓace, ba gwal ba ne, ko kuma mai ƙarancin karat ne, wato ma'aunin yawan gwal a cikin kaya. In ya tsaya, kada ka yi saurin murna, abin da ke sama kawai ka kankaro. Hatta na'urar XRF da ake haska kaya da ita don gane irin ƙarfensa, a jikin gwal ba ta shiga zurfin da ya kai kaurin gashin kai, don haka shafe mai kauri kan yaudare ta.

Sai gwajin ciki, wanda ni na fi yarda da shi. Auna kayan a sikeli mai nuna ɗigon giram, ka rubuta. Ɗora kofin ruwa, ka mai da sikelin sifiri. Ɗaure kayan da zare, ka zura shi ya nutse gaba ɗaya, amma kada ya taɓa gindin kofi ko gefensa; nan mutane ke kuskure. Karanta abin da sikeli ya nuna, ka raba nauyin farko da shi.

Tsantsar gwal kan ba da 19.3, karat 21 wajen 17, karat 18 wajen 15.5, tagulla kuwa ba ta wuce 9. Awarwaro mai giram 30 da ya nuna 1.8 a ruwa yana kusa da 17. Na ƙanwata, mai irin wannan nauyin, 3.5 ya nuna a ruwa, wato lissafinsa bai kai 9 ba, irin na tagulla.

Wannan lissafi ba ya aiki a kan kaya mai rami a ciki ko mai duwatsu. Akwai kuma ƙarfen tangistin, wanda nauyinsa kusan ɗaya ne da na gwal, don haka yana iya yaudarar wannan gwajin.

In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, sai maƙeri ya sa magagari ya ɗan yanka a inda ido ba ya kaiwa, ya ɗiga asid cikin yankan. Narkewa a wuta ta fi kowane gwaji tabbas, amma ka nemi yardar mai kaya tukuna, don abin da aka narka ba ya komawa awarwaro.