Yadda za ku riƙe ƙungiyar Wikipedia ta Hausa kafin kuɗin waje ya zo

Jama'a duk wanda ya zo min da maganar kafa ƙungiyar masu rubutu a Wikipedia nan Garwa ta Kamaru, tambayarsa ta farko ina za a samu kuɗi, ni kuma kullum amsata ɗaya ce, ku fara da adashi tukuna. Wikipedia, wato kundin ilimi na intanet da kowa ke iya rubutu a ciki, tun 2001 take kuma babu talla ko ɗaya a cikinta, gudummawar masu karatu ce ke riƙe da ita ta hannun gidauniyar Wikimedia da aka kafa a 2003, to mu ma daga aljihunmu ya kamata mu soma.

Ku haɗu ko ku biyar ne, kowa ya zuba jaka guda ta sefa duk wata ta Orange Money ko MoMo, mutum ɗaya ya riƙe kuɗin wani daban ya riƙa rubuta shige da fice a littafi, don Allah kar ku bar wa mutum ɗaya duka biyun, nan ne zargi ke shigowa zumunci ya lalace. Kuɗin na data ne da na mashin da ɗan shayi. Wurin zama kar ku biya, ku roƙi aji a makaranta ranar Asabar, kowa ya zo da wayarsa cike da caji saboda kun san halin wuta.

Sai kun yi wata shida kuna rubutu sannan ku nemi tallafin gidauniyar Wikimedia wanda ake kira Rapid Fund, daga dala 500 ne zuwa 5,000, dalar Amurka fa ba tamu ta sefa biyar ba. Za su duba abin da kuka riga kuka yi don duk gyaran da mutum ya yi yana nan a ƙarƙashin sunansa. Ku faɗa musu dalla-dalla mutum nawa za ku koyar, maƙala nawa, a kan me, misali garuruwan Binuwai da Adamawa ko madatsar Lagdo. Ku nema da wuri don amsa tana ɗaukar makonni, ku adana rasit ko na ruwan sha ne, in an gama ku aika rahoto, wanda bai aika ba da wuya a sake ba shi.

Kuma ko tallafin ya zo kar a daina adashin, sannan kowane zama tsohon hannu ya zaunar da sabo kusa da shi har ya wallafa maƙalarsa ta farko kafin a tashi.