Sababbin zuwa Japan, ku rage karin maganar Turanci a gaban dillalin gida

'Yan'uwa, kusan duk shekara idan watan Afrilu ko Oktoba ya yi sai mun karɓi sababbin ɗalibai, wasu da tallafin karatun gwamnatin Japan wasu ta shirin ABE mai kai matasan Afirka karatu Japan, kuma wallahi muna alfahari da ku, domin yaranmu a nan ba a san su da wasa da karatu ba. Amma akwai kuskure guda da nake gani ana ta maimaitawa, wanda ni ma na yi shi na sha wuya: mutum ya sauka a filin jirgin Narita da tunanin tunda yana jin Turanci ai shi ke nan.

Maganar takardu ba wuya. Katin zama a filin jirgi za a ba ka, in ka samu masauki ka je ofishin ƙaramar hukuma ka yi rajistar adireshi cikin kwana 14, ka shiga inshorar lafiya a nan take. In kana son ɗan aikin gefe ka nemi izini, awa 28 a mako, kar ka wuce.

Inda ake shan kashi shi ne gida. Bajapane ya karanta Turanci a makaranta aƙalla shekara 6, wasu sun haddace karin magana daga littafi saboda jarabawar Turanci ta TOEIC, amma haddar littafi daban take da jin mutum yana zuba Turanci da sauri da irin lafazinmu. Lokacin da wa'adina ya kusa ƙarewa a ɗakin kwanan ɗalibai na je wurin wani dillali mai ɗan jin Turanci, ya tambaye ni ko zan iya biyan kuɗin farko, na ce masa "piece of cake". Mutumin nan ya yi shiru ya ɗauko waya yana dubawa, ya zaci maganar kek nake yi. Su suna da nasu, asameshi mae, wato abin da za ka gama tun kafin karin kumallo, amma a lokacin ban sani ba. Da ce masa na yi e zan iya, da mun wuce wurin.

Wannan mai sauƙi ne. Dillalin ya kira mai gida a waya a gabana, ya ajiye, ya ce min da Turanci abin yana da ɗan wuya amma za a duba. Ni kuma a raina na ce to ai ɗan wuya ne, ba a ce a'a ba, na koma na zauna jira mako uku ban nemi wani ɗaki ba. Ashe chotto muzukashii ya fassara min kai tsaye, kuma a wurinsu wannan a'a ce cikakkiya, mai gidan ba ya son ba wa baƙo haya ne kawai. Haka kentou shimasu, za mu duba, yawanci rufe ƙofa ne cikin ladabi. Na ƙare ina kwana a ƙasa a ɗakin wani ɗan'uwa kusan wata guda da jakunkuna a jingine a bango, kuma har yau in na ga yaro yana cewa ai dillali ya ce zai kira ni sai raina ya ɓaci. Ba zai kira ba. Mu da muka san ma'anar "sai na duba" a kasuwar Kwari bai kamata wannan ya ba mu wahala ba.

Sai kalmomin da ka ji kamar Turanci ne alhali sun canja musu ma'ana. Manshon ba katafaren gida ba ne, bene ne na kankare mai ɗakunan haya, apaato kuma yawanci ginin katako ne ko ƙarfe mara nauyi mai hawa biyu wanda kana jin tarin maƙwabcinka. Saabisu na nufin kyauta, konsento soket ne na bango. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne abin da suke fassarawa "key money". Na ɗauka ajiyar makulli ce, in ka tashi a mayar maka. A'a, reikin ke nan, tukuici ne ga mai gida na haya wata 1 ko 2, ba ya dawowa har abada. Wanda ke dawowa shi ne shikikin, shi ma bayan an cire kuɗin shara da gyara. Ga kuɗin dillali, ga na kamfanin da zai tsaya maka, ga kuma kuɗin sabunta yarjejeniya bayan shekara 2 a wurare irin su Tokyo. Ku tambayi kowane layi na takardar kafin ku sa hannu, ku ce wannan zai dawo ko ba zai dawo ba, da kalmomi gajeru. Ku kuma duba gidajen haya na UR, wata hukumar gidaje ta gwamnati, su babu reikin, babu kuɗin dillali, ba sa neman mai tsaya maka.

Abu ɗaya da ke taimakawa, su ma kamar mu ne wajen cusa wasali cikin kalmar Turanci, mu mun ce tebur su sun ce teeburu. In ba a gane ka ba ka rage gudu ka furta kalmar a Hausance, sau da yawa sai ka ga fuskar mutum ta washe. Kuma don Allah ku daina cewa "I'm coming" kuna fita daga ɗaki, wannan "ina zuwa" ɗinmu ce, farfesa zai tsaya yana kallonka ne kawai. Su ittekimasu suke cewa, zan je in dawo, daidai da tamu.

In Bajapane abokin karatunka ya ce ka koya masa karin maganar Turanci, koya masa, suna son abin sosai, amma ka karɓi nasa a madadi, ka rubuta. Ranar da za ka je wurin dillali kuma kar ka tafi kai kaɗai, ka zo masallacin Otsuka ko Tokyo Camii ranar Juma'a ka yi magana bayan salla, ba za a rasa wanda ya daɗe a nan da zai raka ka ba.