Yadda mai fatsa zai gane dalilin ƙarancin kifin kumfa a gaɓar Kalifoniya da Oregon

Kifin da Amurkawa ke kira surfperch, wanda za mu kira kifin kumfa saboda a cikin kumfar da raƙuman ruwa ke bari bakin yashi yake kiwo, ba ya zuba ƙwai kamar yawancin kifaye. Haihuwa yake yi. Uwar tana ɗaukar ciki na watanni, ta haifi 'ya'ya gomiya kaɗan, kowanne da kamanninsa cikakku. Duk wanda ke kukan fatsarsa ta daina kamu ya fara riƙe wannan, domin kifin da ke haihuwa kaɗan-kaɗan, in aka ɗebe shi da yawa, sai an daɗe kafin gurbin ya cike.

Amma kafin ka ce kifi ya ƙare, tabbatar ba wuri ya sauya ba. Je gaɓar lokacin da teku ta janye sosai, ka duba ƙasa da idonka. Nemi kwarin da ke kwance tsakanin busasshen yashi da tudun yashin da ke can cikin ruwa, da ramuka, da hanyar da ruwa ke bi yana komawa teku. Nan kifin ke taruwa in ruwa ya dawo. Guguwar hunturu ɗaya kan share kwari ta buɗe wani mita ɗari gaba. Sa alama da dutse ko turke, ka dawo awa biyu kafin cikar teku. Kuskuren da ya fi yawa shi ne jifa da nisa. Sau tari kifin yana tsakanin mita 10 zuwa 25 daga ƙafarka, ƙotonka kuwa ya wuce ta kansa. In ka yi jifa goma babu ko taɓi, matsa taku hamsin.

Duba kayanka ma. Sanda mai tsawon ƙafa 8 zuwa 10 ta isa, da dalma mai zamewa a kan zare ta gram 14 zuwa 28, da ɗan zaren gaba mai kusan santimita 60, da ƙugiya lamba 4 ko 6. Bakin kifin ƙarami ne, babbar ƙugiya tsintar ƙoto kawai za ta sa ya yi. Dalmar da ta yi nauyi kuma nutsewa take cikin yashi, ƙoto ya daina yawo da ruwa.

Sai abinci, kuma nan ne amsar ta fi ɓuya. Babban abincin kifin ƙaramar kaguwar yashi ce, mai kamar ƙwan tantabara. In ruwa yana komawa za ka ga yashin ya yi ɗan tabo-tabo kamar harafin V, gashin kaguwar ne ke tace abinci. Cusa hannu ka ɗebo yashi a wuri biyar ko shida. In hannunka ya fito fayau a bazara, to ga dalilinka. Abin da ke kashe su sananne ne: motocin da ke share gaɓa don 'yan shaƙatawa suna kwashe ciyawar tekun da ƙananan halittu ke rayuwa a ciki, yashin da ake jibgawa don faɗaɗa gaɓa yana binne su, katangar siminti kuma tana cinye jiƙaƙƙen yashin da suke zama. Gaɓar da aka zuba wa sabon yashi takan yi shiru na tsawon lokaci.

Zafin ruwa ma na da hannu. Daga 2014 zuwa 2016 ruwan arewa maso gabashin tekun Fasifik ya yi ɗumin da ba a saba gani ba, ga El Nino (ɗumamar ruwan Fasifik da kan zo bayan 'yan shekaru) na 2015 zuwa 2016 a kai, abincin teku ya rikice. A mashigin ruwa na Morro Bay a Kalifoniya kuma, tun kafin wannan ɗumin aka fara asarar da ta kai fiye da kashi 90 cikin ɗari na ciyawar ƙarƙashin ruwa, irin wadda ƙananan kifaye ke fakewa a ciki.

Ƙwaƙwalwa takan riƙe ranar da aka cika bokiti ta manta da ranakun banza, don haka ajiye littafi. Rubuta kwanan wata, gaɓa, matsayin ruwa, awa nawa ka yi, kifi nawa, da tsawon kowanne. Bayan shekara biyu kwatanta wata da wata. In yawan bai sauya ba amma manya sun ɓace, ɗiba ce ta yi yawa. In manya da ƙanana duk sun ragu tare da kaguwa, gaɓar ce ta lalace.

Abin da ke hannunka kai tsaye shi ne mata masu ciki. Daga bazara zuwa wajen Yuli za ka kama su ciki ya kumbura, kuma wahalar kamu kan sa su ɓarar da 'ya'yan a tafin hannunka, abin tausayi ƙwarai. Matse ƙayar ƙugiya da filaya tun daga gida, jiƙa hannu, kada ka matsa cikin, ka mayar da ita ruwa nan take. In ta haɗiye ƙugiyar, yanke zaren kawai.

Dokar Kalifoniya ta ba da guda 20 a rana, kada iri ɗaya ya wuce 10, irin nan mai jan wutsiya kuma sai ya kai inci 10 da rabi. A mashigin San Faransisko da San Pablo an hana riƙe yawancin irinsa daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Yuli, lokacin haihuwa ke nan. Oregon ta tsaya a 15. Waɗannan lambobi sukan sauya, sai ka duba littafin dokar shekarar da taswirar wuraren da aka killace kafin ka ɗaura ƙugiya.