Yadda Ake Zaɓen Irin Masara Mai Zaƙi da Kabewa Don Noman Kasuwa a Jos

Masara mai zaƙi da kabewa halinsu ba ɗaya ba ne. Ita masarar, da zarar an karye ta daga kara zaƙinta ya kama hanyar gudu, kwana kaɗan ta koma masarar kowa da kowa. Kabewa kuwa in ta ƙosa aka ajiye ta yadda ya kamata, sai ta yi watanni a ɗaki tana jiran farashi ya tashi. Wanda zai noma su don kasuwa, wannan bambancin zai riƙe tun kafin ya taka shagon iri, domin shi ne zai gaya masa wace leda zai ɗauka, wace zai bari a kan kanta komai kyan hoton da ke jikinta.

Mataki na farko: nemo mai saye kafin ka nemo iri

Manoma da yawa sukan fara da iri, sai kaya ya nuna sannan a shiga neman inda za a kai shi. Da dankalin Turawa ko kabeji ana iya yin haka a tsira, tunda kasuwar kayan lambu ta Farin Gada ba ta ƙin su. Masara mai zaƙi ba ta da irin wannan gatan. Masu gasa masara a bakin titi ba su cika sonta ba: tana saurin ƙonewa a kan garwashi saboda sukarin da ke cikinta, ƙwayar tana motsewa, kuma mai sayen gasasshiyar masara abin da zai riƙe masa ciki yake nema. Masu biyan kuɗinta na gaske su ne otal-otal, gidajen abinci, manyan kantunan Abuja, da matan da ke dafa abincin biki, waɗanda yanzu masarar gwangwani suke zubawa a salak da soyayyiyar shinkafa.

Don haka ka je ka same su. Ka tambayi mai dafa abincin otal ko mai karɓar kaya a kanti: rawaya yake so ko mai launi biyu, da ɓawonta ko a ɓare, guda nawa a mako, wace rana motar za ta iso. Haka ma kabewa. Mai kayan miya a Taminus ko Bukuru babba take so mai kaurin tsoka, wadda za ta yanka ta sayar yanki-yanki ga masu miyar taushe. Kanti a Wuse ko Maitama ƙarama yake so, wadda mutum ɗaya zai ɗauka ya sa a kwando. Amsoshin nan ka rubuta su, da su za ka shiga shago.

Mataki na biyu: karanta haruffan da ke jikin ledar masara

Nan ne ya kamata a zauna da kyau. Masara mai zaƙi gida uku ce, kuma kamfanonin kirki sukan rubuta gidan a jikin leda ko a takardar bayaninsu: su, se, ko sh2.

Mai alamar su ita ce tsohuwar. Irinta na da ƙarfin tsiro, ba ta da tsada, amma cikin kwana ɗaya ko biyu bayan karya sukarinta ya rikiɗe ya zama gari. Wannan ta mai lambun bayan gida ce, ko wanda mai sayensa ke zuwa har gona. Mai alamar se ta fi ta zaƙi da taushi, tana ɗan jurewa, sai dai fatar ƙwayarta sirara ce, lodin mota da gargadar hanya suna farfasa ta. Mai alamar sh2 ita ce ta ɗan kasuwa. Ta fi duka zaƙi, tana da garas-garas a baki, kuma in ta samu sanyi tana riƙe zaƙinta kusan mako guda. Wanda kayansa zai bi ta Akwanga da Keffi ya shiga Abuja, ya kwana a kanti, sannan ya kwana a firijin mai saye, ni dai ban ga dalilin da zai sa ya duba wata ba.

Amma sh2 tana da sharuɗɗanta. Ka zuba irin a tafin hannu: za ka gan shi a motse, a yamutse, mara nauyi, har ka ɗauka an sayar maka da lalatacce. Haka halittarsa take, sukari ya yi masa yawa gari ya yi kaɗan, shi ya sa ba shi da guzurin da zai huda ƙasa mai zurfi. Kada a binne shi fiye da santimita 2 zuwa 3, kuma ƙasar ta kasance da danshi amma ba jagwab ba. Sannan ba ya son ƙasa mai sanyi, ya fi tsira da kyau in ɗuminta ya haura digiri 15. Wannan magana ta shafi Jos kai tsaye. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare kan sauka kusa da digiri 10. Mai noman rani a bakin tsofaffin kududdufan haƙar kuza, in ya shuka sh2 a tsakiyar hunturu, zai ga tsiro jefi-jefi ya zargi mai shago. Gara a shuka kafin sanyin ya kankama ko bayan ya fara sassautawa.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko cin mutane. Masara iska ce ke ɗaukar ƙurar furen da ke saman kara ta zuba a gemun goyo, kuma kowane zaren gemu ƙwaya ɗaya yake haifarwa. In ƙurar masarar tuwo ta maƙwabci ta sauka a gemun sh2 ɗinka, a wannan goyon na bana za ka ga ɓarnar: ƙwayoyi masu tauri, marasa zaƙi, a cakuɗe da masu kyau. Ana son tazarar aƙalla mita 100 tsakaninsu, ko kuma a raba lokacin shuka yadda furensu zai bambanta da kamar mako biyu. A damina, inda gona ke manne da gona kuma kowa masara ya shuka, wannan tazarar da wuya ta samu. Shi ya sa rani ya fi dacewa da ita, ga kuma ƙarin cewa a Yuli da Agusta sabuwar masara ta cika kasuwa, ba mai sauraronka in ka faɗi farashinka.

Mataki na uku: tabbatar irin ya dace da yanayin ƙasarmu

Irin da aka ƙirƙira don Turai ko arewacin Amurka ya saba da dogon yini na bazararsu. A nan yakan yi saurin fitar da fure tun yana gajere, ya ba da ɗan goyo, kuma cututtukan ganye su same shi ba kariya. Ka nemi wanda aka rubuta cewa na yankuna masu zafi ne. Kamfanoni irin su East-West Seed da Technisem da Syngenta suna da irin kayan lambu da suka yi don irin yanayinmu, amma suna kaɗai bai isa ba, ka tambayi jurewar wannan irin ga tsatsar ganye, ƙunar ganye, da cutar nan mai zana fararen layuka a ganyen masara. Laimar Jos a damina tana raya cututtukan ganye sosai.

Ka kuma dubi ɓawon goyo. Irin da ɓawonsa ke rufe bakin goyo ruf ya fi tsira daga tsuntsu da tsutsa. Tun 2016 da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta bayyana a Najeriya, ba wanda ke noman masara mai zaƙi ba tare da leƙa zuciyar shuka a kai a kai ba, kuma goyo ɗaya mai tsutsa a baki ya isa mai kanti ya dawo da kwando gaba ɗaya.

Kwanakin nuna da aka rubuta, ko 70 ko 80, kada ka ɗaura alkawarin kai kaya a kansu. A sanyin Jos shuka takan ƙara kwanaki. A Gwagwalada ko Kwali kuwa takan yi sauri, amma can matsalar zafi ce: in fure ya faɗo cikin Maris, lokacin da zafi ke haura digiri 35, ƙurar furen na mutuwa, goyo ya fito da giɓi. Abin dogaro shi ne gemu. Kimanin kwana 18 zuwa 22 bayan fitowarsa, in ya bushe ya yi ruwan ƙasa, ka ɗan buɗe ɓawo ka danna ƙwaya da farce. Ruwa garau, da saura. Ruwa fari kamar madara, a karya gobe da asuba kafin rana ta ɗumama ta. In ya yi kauri ya daina tsartuwa, an makara.

Tunda duk gonar cikin 'yan kwanaki take nuna, kada ka shuka hekta guda rana ɗaya. Ka raba ta, kana shuka kashi-kashi duk kwana 10 zuwa 14, kowane kashi aƙalla layi huɗu a jere don ƙurar fure ta wadata. Tazarar santimita 75 tsakanin layi da 25 tsakanin shuka tana ba da tsiro dubu 53 da 'yan kai a hekta, kuma ka yi lissafinka a kan goyo ɗaya mai sayuwa a kowane kara.

Mataki na huɗu: kabewa

Da farko a raba zance: ugu da ake nomawa don ganye, duk da wasu na kiransa da sunan kabewa a Turance, shuka ce daban. Kabewar da ake noma don 'ya'ya dangi uku ce a kasuwa, kuma ɗan karan da ke riƙe da ita ya kan tona asalinta. In yana da kusurwa biyar ya kuma baje a inda ya haɗu da 'yar, wannan dangin da ya fi jure zafi da laima ne, cikinsa har da doguwar nan mai siffar gora da kantuna ke kira butternut. In karan zagayayye ne mai ɗan laushi kamar toshiyar kwalba, dangin masu garin tsoka ne irin kabocha ta Japan, waɗanda suka fi son wuri mai sanyi-sanyi, abin da ya ba manomin Vom ko Barikin Ladi dama a kan na Abuja. In kuwa mai tauri ne da zurfafan tsaga, dangin jajayen nan ne da Amurkawa ke sassaƙawa a bikinsu na 31 ga Oktoba. Suna da kyan gani, amma tsokarsu ruwa-ruwa ce, ba ta kama miya, kuma washegarin bikin kasuwarsu ta mutu. Sai in wani ya ba da kuɗin kafin alƙalami.

Ga mai kai kaya kanti da otal, butternut ce ta fi kwanciyar hankali: nauyinta kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, girmanta kusan ɗaya, ramin 'ya'yanta ƙarami, tana nuna cikin wata uku zuwa uku da rabi. Akwai tsohon iri mai suna Waltham wanda ana iya ajiye irinsa, akwai kuma masu alamar F1, wato irin da kamfani ya haɗa daga iyaye biyu daban, da suka fi daidaiton girma. Ka fifita wanda aka ce yana jure farar hodar nan da ke rufe ganye, domin in ganye ya mutu da wuri 'ya'yan ba sa yin zaƙi kuma ba sa ajiyuwa.

Ga kasuwar miyar taushe kuwa, kada ka raina irin gida. Ka je wurin mai yanka kabewa, ka duba wadda tsokarta ta yi kauri, ta yi ja sosai, ba ta tsiyayar ruwa a kan faranti, ka saye ta sukutum ka cire irin. Sai dai ka sani, ita kabewa ƙudan zuma ne ke haɗa furenta, kuma gaurayar ba ta nunawa a 'ya'yan bana, sai a irin da ka ajiye na baɗi. In ka shuka kala biyu 'yan dangi ɗaya kusa da juna, bana lafiya lau, baɗi ka ga siffofin da ba ka san su ba. Saboda ƙudan zuman nan ne kuma ba a feshi da safe lokacin da fure ke buɗe.

A tsinke ta in fata ta yi taurin da farce ba ya huda ta, a bar mata ɗan karanta, a shanya ta kamar kwana 10 a wuri mai ɗumi da iska, sannan a jera a ɗaki busasshe ba tare da an tula wata kan wata ba. Wadda karanta ya cire, ta nan ruɓa ke shiga, ita za a fara sayarwa.

Mataki na biyar: gwaji

Ka sayi iri a rufaffiyar leda ko gwangwani mai ranar ƙarewa da lambar rukuni, daga dillalin da ke da rajista da Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa da ke Abuja. Irin da ake aunawa da cokali daga buɗaɗɗen gwangwani, ka wuce shi. Mai alamar F1 kuma kowace shuka sabo ake saye, 'ya'yansa ba sa gadon iyayensu.

Kafin ka kai gona, ƙirga ƙwaya 100 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a wuri mai ɗumi mako guda. In waɗanda suka tsira ba su kai 85 ba, ka koma wa mai shago da ledar, ko ka ƙara yawan irin da za ka zuba. Sannan, sai an gwada akan san na ƙwarai: a shukar farko ka ɗauki iri biyu ko uku, ka ba kowanne 'yan kunyoyi, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Masarar ka tabbata duka 'yan gida ɗaya ne, kada ka jera mai alamar su da mai alamar sh2 kusa da juna su ɓata wa juna ɗanɗano. Rubuta ranar shuka, ranar gemu, da yawan goyon da ya kai a sayar. Ka ajiye goyo biyar na kowane iri a inuwa kwana uku ka dafa ka ɗanɗana, sauran ka kai wa mai sayen nan da ka fara tambaya, ba tare da ka gaya masa sunayensu ba. Wanda ya nuna da yatsa, ka yi odar irinsa da wuri, domin irin da ake shigowa da shi daga waje yakan yanke a shaguna daidai lokacin da masu noman rani suka fara gyaran fili.