Fentin 'yan sojojin wasan tebur a ƙasar zafi da ƙura

Wasan yaƙi na kan tebur, irin Warhammer 40,000 da kamfanin Games Workshop na Ingila ya fara fitarwa a 1987, ana yin sa da 'yan sojoji da tankokin wata duniya ta ƙirƙira. Tsayin soja kamar milimita 28 zuwa 32 ne, kusan gaɓar babban yatsa. A warwatse suke zuwa jikin firam na roba, babu fenti. Kai za ka yanke, ka manne, ka fenta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da siffar mai rai ba, tankoki da jirage da gine-gine sun ishe shi aiki. Yawancin darussan intanet na mutanen ƙasashen sanyi ne, alhali mai aiki a Gaya ko Ringim ko Kazaure da zafi da ƙura zai yi ta fama.

Yanke kowane yanki da filaya mai kaifi, ka bar ɗan tsini, sannan ka share shi da sabuwar reza. Siririn layin da injin ƙira ya bari a jiki kuma ka kankare shi da bayan reza, don fenti fito da shi yake yi. Robar waɗannan kaya folistarin ce, gam ɗinta irin su Tamiya ko Revell Contacta narkar da fuskokin biyu yake yi su zama ɗaya. In babu shi, supa gulu ya wadatar. Akwai kuma na ƙarfe da na rezin, wata irin roba mai gautsi, su kuwa gam ɗin folistarin ba ya kama su, supa gulu ake sa musu. Rezin sai an wanke shi da ruwan sabulu da tsohon burushin haƙori saboda maiƙon masana'anta, kuma a jiƙe ake goge shi da samfefa, garinsa ba abin shaƙa ba ne.

Wajen sauya fasalin soja ko tanka ne ƙauye ya fi birni arha. Ranar kasuwa ka leƙa rumfar mai gyaran rediyo da ta mai gyaran waya, tarkacen da suke zubarwa kayan aiki ne. Gangar biron Bic mai haske folistarin ce, tana yin bakin igwa. Gidan kaset ko na faifan CD ana yanka shi ya zama sulken tanka. Sifirin ɗin tsohuwar laita yana yin tiyo, haka ma siririyar wayar tagulla in aka naɗe ta jikin mai kauri. Kan ƙusa a jikin sulke ɗigon Top Bond ne da bakin allura. Amma ka duba lambar da ke cikin alwatika a gindin roba: 6 folistarin ce, tana karɓar gam da fenti, 5 da 2, su murfin kwalbar lemo, ba sa riƙe ko ɗaya. Murfin biron nan ma haka yake. Ka manna shi yau, gobe ka tsince shi a ƙasa.

Duk yanki mai nauyi, kamar igwa ko hannun ƙarfe, a sa masa ƙashi: huda rami mai faɗin milimita 1, zurfin milimita 3 zuwa 4 a kowane ɓangare, ka cusa guntun wayar maƙalar takarda da ɗigon supa gulu. Giɓi ƙarami, zuba garin bekin soda ka ɗiga supa gulu, nan take ya daskare kamar dutse. Yana zafi, kada ya taɓa fata ko auduga. Giɓi babba sai Green Stuff, wani danƙon cike giɓi mai launi biyu, ana murza rawaya da shuɗi daidai wa daida har su koma kore, da jiƙaƙƙen yatsa, a bar shi ya kwana.

Kafin launi sai furaima, shimfiɗar farko da fenti zai kama. Girgiza gwangwanin minti 2, ka fesa daga nisan santimita 20 zuwa 25, fesi gajere gajere. Lokacinsa bayan asuba ne kafin rana ta ɗaga. Da rana a bazara, ko cikin busasshiyar iskar hunturu, fentin yana bushewa tun a iska, ya sauka kamar yashi, jikin tanka ya koma samfefa. In ka ga haka ka matso zuwa santimita 15. Yayyafa wa ƙasan zaure ruwa tukuna, ka fesa cikin kwali a bakin ƙofa inda iska ke wucewa, sannan ka kife roba a kai da ɗan dutse a ƙarƙashin bakinta. Fentin feshi na masu mota wani yana cin roba, a gwada a guntun firam tukuna.

Fentin akirilik na ruwa ake amfani da shi, Vallejo ko Citadel ko na masu zane da ake samu a Kano, ban da fentin mai na ƙofa. Sirka shi ya yi kaurin madarar shanu. In ya kai kindirmo zai cike duk ƙananan zanen jiki. Shafe biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, ko da na farko ya fito da dabbare-dabbare. A zafinmu fenti kan faranti ba ya minti biyar, don haka sa jiƙaƙƙen soso cikin murfin roba, ka shimfiɗa takardar gashin kek a kai, ka zuba fentin nan. Ruwan leda za ka sirka da shi, na rijiya yana barin laka.

Don lunguna su fito, haɗa baƙi ko ruwan ƙasa kashi 1 da ruwa kashi 6 zuwa 8, ka taɓa sabulun wanke-wanke da bakin tsinke ka juya. Ɓangare ɗaya za ka shafe lokaci guda, ka tsotse inda ya taru da busasshen burushi, in ba haka ba zai bushe da zobe. Bayan nan ɗebi launi mai haske, ka goge burushin a tsumma har ya kusa ƙarewa, ka share gefuna da shi. Tsatsa da ɓarewar fenti kuwa, je ka tsaya gaban tsohuwar tarakta da aka yasar a bakin gona: fenti ya ci a matakala da bakin ƙofa, tsatsa ta zubo ƙasa daga kan kowane noti. Nan za ka dangwala ruwan ƙasa mai duhu da ɗan yagin soso, ba ko'ina ba.

Gindin da soja ke tsaye a kai, yashin kogi ko dakakkiyar marmara, wadda ke ba da jar duniya irin Mirrihi. Tankaɗe da rariya, soya a kasko ya bushe, manna da Top Bond, in ya kama ka bi da Top Bond kashi 1 ruwa kashi 3. Rufe aikin da banish marar sheƙi, amma ba ranar da hadari ya haɗo ba, laima tana sa ya yi fari.

Kada ka ajiye su dab da rufin kwano a watan Afrilu. Siraran yankunan rezin lanƙwashewa suke yi. Wanda ya lanƙwashe a tsoma shi ruwan zafi, a miƙe shi, a jefa cikin na sanyi. Fentin da ya ɓaci kuma a jiƙa shi cikin Dettol ya kwana, a goge tas kafin ruwa ya taɓa shi, don ruwa yana mai da shi danƙo. Fetur da tina narkar da robar suke yi.