Ka gano magani a ɗakin bincike, to yaya za ka kai shi kemis?

Ɗan'uwa in ka ga wani ganye ya kashe ƙwayar cuta a gwajinka, kar ka yi saurin murna, daga nan zuwa kantar kemis tafiyar shekara goma ce ko fiye. Bari mu bi sawun Niprisan, maganin sikila da cibiyar NIPRD ta Abuja ta haɗa da masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace.

In a wajen mai maganin gargajiya ka samo sirrin, ku fara zama ku rubuta yarjejeniyar kasonsa, haka NIPRD ta yi da Rabaran Paul Ogunyale, mai maganin gargajiyar da ta samo haɗin Niprisan a wajensa. Haƙƙinsa ne.

Sai wurin da malamanmu na jami'a suka fi yin asara, wallahi abin yana min ciwo, mutum saboda neman ƙarin girma sai ya yi maza ya buga sakamakonsa a mujalla ko ya je taro ya zazzage komai, alhali da zarar ka bayyana wa duniya to rajistar mallakar fasahar ta yi wuya, kuma ba kamfanin da zai zuba miliyoyi a kan abin da kowa zai iya kwafa gobe. Ka fara yin rajistar, NOTAP, hukumar gwamnati mai bunƙasa fasaha, na taimakawa a wannan, bayan nan ka buga abinka.

Daga nan gwaji a jikin ɓeraye, a ga ko yana taɓa hanta ko ƙoda. Kafin ka ba ɗan Adam ko ƙwaya ɗaya sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da na NAFDAC. A gwajin ɗan Adam, matakin farko mutane kaɗan ne don a ga illa, na biyu marasa lafiya don a ga yana aiki da kuma nawa za a sha, na uku jama'a masu yawa, shi ne mai cin kuɗi. Ka kula kuma ganyen damina da na rani ba ƙarfinsu ɗaya ba, dole kowane kafso ya fito daidai da ɗan'uwansa.

Jami'a ba masana'anta ba ce, dole ka ba wani kamfani lasisi, to nan fa ka buɗe ido. An ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin Niprisan a 2002, maganin ya fito kasuwa da sunan Nicosan a 2006, zuwa 2008 kamfanin ya karye, magani ya ɓace, iyayen yara masu sikila suna nema babu, sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker da sunan Niclovix. Don haka ka binciki aljihun kamfanin tukuna, sannan lauyanka ya rubuta ƙarara cewa in suka daina sarrafawa na wani lokaci lasisin ya dawo hannunku.