Yadda ake shirya wa ɗalibai aikin ƙera sulken wasa da robar silifa

Shekarar farko da na ce wa 'yan kulob ɗin zane na makarantarmu a nan Garwa, arewacin Kamaru, za mu ƙera kayan yaƙi don wasan kwaikwayon makon matasa, sai yaran suka bazama cikin gari suka kwaso farin soson nan da ke zuwa a kwalin firji da talabijin. Muka yanka, muka shafa masa gam ɗin takalmi, kafin mu ankara soso ya zagwanye kamar ƙanƙara a rana. Saura kwana tara a yi wasa. Da kwali da takardar siminti mayaƙanmu suka hau dandamali. A shekara ta biyu mun sami kayan da suka dace, amma na rufe yaro ruf daga wuya har gwiwa, tun ba a kira su ba ya tuɓe yana haki, zufa kamar an tsamo shi daga Binuwai.

Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan, da yaron nan a raina nake faɗarsa. Mutum ne zai saka kayan, zai yi tafiya, ya ɗaga hannu, ya durƙusa, kuma a ƙasar da rana ba ta wasa.

A fara da kalanda

Idan ranar 11 ga Fabrairu, wato ranar matasa ta Kamaru, kuke hari, ku ƙirga baya. Aikin yana cin zama takwas zuwa goma, in ana haɗuwa yammacin Laraba da safiyar Asabar. Hutun ƙarshen shekara zai cinye kusan mako biyu, ga jarrabawa kafin shi, don haka ƙarshen Nuwamba ya kamata a ce an zauna zaman farko. Kada ku yi alkawarin kaya goma. Ɗalibai ashirin, cikakkun kaya huɗu ko biyar sun ishe su. A raba su mutum huɗu-huɗu: mai sakawa, mai zane, mai yanka, mai gam da fenti, a riƙa musayar hannu don kowa ya taɓa komai.

Wane mayaƙi ake so?

Yara za su zo da hotunan jaruman fina-finai a waya, ba laifi. Amma ni nakan fara tura su su tuna abin da suka gani da idonsu ranar hawan sallah a ƙofar fadar Lamiɗo, ko a nan Garwa, ko Marwa, ko Rai Buba ga wanda ya taɓa zuwa: lifidi mai launi-launi a jikin doki da mahayi, sulke na zobban ƙarfe, kwalkwali mai gashin tsuntsu a ka, garkuwa, takobi. Tarihin Kano yana cewa Sarki Kanajeji ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunar Kano, tun sama da shekara 600 ke nan. Wanda ke da wannan gado bai rasa abin kwaikwaya ba.

Daga nan sai a sakar musu mara. Wata ƙungiya ta taɓa zana mini sarkin yaƙin aljanun kogi, ƙirjinsa duk ɓawon kifi, kafaɗunsa haƙoran dorina. 'Yan mata kuma kusan kullum Sarauniya Amina ta Zazzau suke zaɓa. Kowace ƙungiya ta kawo zanen gaba da baya da gefe, sannan a lissafa gutsattsarin da ke jikin kayan ɗaya bayan ɗaya: ƙirji, baya, kafaɗa biyu, damtse biyu, kwalkwali, garkuwa. In lissafin ya haura goma, a rage. Gefen haƙarƙari da hammata da bayan gwiwa a bar su a buɗe, iska ta sami hanya.

Soso suna ya tara

Iri uku ne za su faɗo hannunku. Farin na kwalin firji, kun ji labarinsa: gam ɗin takalmi da fentin feshi duk suna narkar da shi, ga shi da karyewa. Na biyu soson katifa. Shi yana shan fenti kamar raƙumi a bakin rijiya, ba ya riƙe lanƙwasa, kuma hayaƙinsa guba ne in ya kama wuta, don haka kada a kusantar da shi da zafi. Amma kada ku yar da shi, shi ne maganin lifidi. A sa siririn falle tsakanin yadi biyu, tela ya bi shi da ɗinki gida-gida, ja da rawaya da shuɗi, sai ga lifidi kamar na gaske. Na asali ma ai audugar rimi ake cusa masa.

Na uku shi ne abin nema: robar da ake yin silifa da tafin takalmi da ita, wadda masana'antu ke kira EVA. Ba ta shan ruwa, tana yankuwa sumul, in ta ji zafi ta yi laushi, in ta huce ta tsaya a siffar da aka ba ta. Wajen masu ɗinkin takalmi za ku tambaya, su suka san shagon da ake sayar da ita falle-falle a babbar kasuwa. Tabarmar robar nan ta yara mai haɗe-haɗen baki ita ma irinta ce. Mai kaurin milimita 10 don ƙirji da garkuwa, mai 5 don kwalkwali da damtse, mai 2 don ado.

Ni wani dattijo ne mai rumfar takalmi ya buɗe mini ido. Na ce, "Baba, wannan robar taka za ta yi hular yaƙi?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Malam, in ta iya ɗaukar ƙato daga nan zuwa kasuwa, hula ce za ta gagare ta?" Har guntayen da ya tara a buhu ya ba mu kyauta, da su yara suka koyi yanka. Ku nemi irin wannan mutum ku gayyace shi zama ɗaya, abin da zai nuna a minti goma ya fi bayanin malami na awa guda.

Sauran kaya: gam ɗin takalmi, farin gam na kafinta, wuƙar yankan kwali da ƙarin reza, samfefa, salatif mai faɗi, leda, takardar siminti, maka, burushi, fentin ruwa irin na masu zane, tsofaffin madaurin jaka. Kada a sayi roba tukuna. Sai an gama mataki na gaba za a san yawan da ake bukata.

Fitar da zubi a jikin mai sakawa

Zubi shi ne siffar kowane yanki a takarda, wadda za a bi a yanka roba. Nan ne aikin yake, kuma nan yara suka fi gajen haƙuri. Mai sakawa ya sa rigar da zai saka a ƙarƙashin sulken ranar wasa. A naɗa masa leda a ƙirji da baya, a bi ta da salatif har ta rufu, ba a matse ba, a ce ya ja numfashi ya cika ƙirji yayin da ake naɗin. 'Yan mata su yi wa junansu, ko malama ta tsaya a kai. Sai a ɗauki maka a zana siffar sulken a kan salatif ɗin, a ja layi a tsakiyar ƙirji daga wuya zuwa cibiya. Rabi ɗaya kawai ake bukata, ɗaya rabin juya takarda za a yi.

A yanke da almakashi ta gefe, a hankali, a zare. Za ku ga abin ya ƙi kwanciya a tebur saboda tudun jiki. Duk inda ya yi tozo, a tsaga shi har ya kwanta. Waɗannan tsagogin su ne idan aka manne bakinsu a roba za su dawo da tudun. Kafin a raba kowane yanki da ɗan'uwansa, a ja 'yan gajerun layuka da suka ratsa su biyun, a sa lamba. Wanda ya tsallake wannan zai zauna da guntaye bakwai bai san wanne ke bin wanne ba.

A kwafe a takardar siminti, a ƙara santimita ɗaya ko biyu a gefuna saboda kaurin roba yana cin wuri. Sannan a haɗa na kwali a gwada wa yaron: ya ɗaga hannu sama, ya sunkuya, ya zauna. In ƙasan ƙirjin yana sukar cikinsa, a rage tsawo. Gyaran kwali ba ya cin ko dala. Na kwalkwali kuwa, a sa wa yaro hula mai kama kai a yi naɗin a kanta, leda kada ta sauko kusa da hanci da baki ko da wasa.

Yanzu a shimfiɗa takardun duka a ƙasa, a matsa su kusa da juna, a auna filin da suka ci. Shi ne adadin robar da za a saya, da ɗan ƙari don kuskure.

Yanka, zafi, gam

Roba tana dakushe reza da sauri fiye da yadda ake zato. Da kun ga bakin yanka ya fara yin gashi-gashi, a canja reza ko a wasa ta. A ɗora a kan katako, a ja wuƙa sau biyu ko uku a layi ɗaya maimakon a danna da ƙarfi, yatsu kuma nesa da hanyarta. In ana son gutsure biyu su haɗu su yi kusurwa, kamar tsinin tsakiyar ƙirji, a karkata wuƙar yayin yanka.

Lanƙwasawa da zafi ake yi kafin gam. Wanda ya sami na'urar hura iska mai zafi ya huta, masu gyaran waya ma suna da ƙarama da ke yin ƙananan wurare. In babu, dutsen guga ya wadatar: a shimfiɗa tsumman auduga a kan robar, a goga na ɗan lokaci har ta yi laushi, a ɗauke a kifa ta a bayan ƙwarya ko gindin tukunya, a danne da hannu biyu har ta huce. Ƙwarya tana fitar da kafaɗa da saman kwalkwali kamar don su aka halicce ta. Malami ne ke riƙe abin zafi, kuma a fili, ba cikin aji ba.

Gam ɗin takalmi a gefe biyu ake shafa shi, siriri. A jira 'yan mintuna har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa daga wannan ƙarshe zuwa wancan ana bin lambobin nan. Da ya kama ya kama, babu ja da baya. Lokacin hunturu yana saurin bushewa, don haka a riƙa shafa ɗan tsawo kaɗan-kaɗan. Warinsa yana hawa kai, kuma yana kama wuta kamar fetur. Ƙarƙashin bishiyar dogonyaro muke yi, gwangwani ɗaya a hannuna, ba na barin sa a hannun yaro, kuma wurin zafi daban wurin gam daban.

Ado shi ne inda yara ke jin daɗi. A tsaga layi marar zurfi da reza, a hura masa zafi, sai ya buɗe ya zama zane tsaf, a nan za a iya fitar da dagi ko irin zanen da dukawan Marwa ke yi a fata. Ɓawon kifi kuma daga mai milimita 2 ake yanka shi, a jera daga ƙasa zuwa sama, kowanne ya hau kan na ƙasansa. Maɓallan tsohuwar riga su zama ƙusoshi. Takobi ko mashi, a sa siririn bututun roba ko kara a tsakiya, ya tsaya kafin ya kai tsini. Ban yarda da ƙarfe ko waya a ciki ba, don na san yadda 'yan aji uku suke in suka riƙe makami.

Madauri kafin fenti

Na sha ganin an gama fenti sannan a tuna ba a san yadda za a ɗaura ba. A manne madauri ta ciki, a rufe gindinsa da guntun roba da gam don kada ya ɓalle. Biyu a kafaɗa, biyu a kowane gefe. Yaro ya iya cirewa da kansa cikin minti ɗaya.

Yadda roba ke zama ƙarfe

A sirka farin gam na kafinta da ruwa kaɗan, a shafa sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. Shi ke hana fenti nutsewa. Sai a shafe duka da baƙi. Bayan ya bushe, a tsoma burushi a fenti ruwan azurfa ko na zinariya, a goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, sannan a riƙa shafar tudu da gefuna sama-sama. Baƙin da ya rage a lunguna shi ke sa ido ya ɗauka tsohon ƙarfe ne. Garin bakin fensir ma in aka murza shi da yatsa a kan baƙi yana ba da ƙyallin baƙin ƙarfe.

Ƙurar Janairu ita ce abokiyar gaba a nan. A yayyafa ruwa a ƙasa, a shanya a ɗaki mai taga ba a tsakar fili ba, kuma kada a bar kayan cikin rana ko a mota, zafi zai warware lanƙwasar da aka sha wuya a kai.

Mako guda kafin ranar, a yi gwajin wasan gaba ɗaya da kayan a jiki, a daidai lokacin da za a yi na gaskiya. Duk abin da zai ɓalle gara ya ɓalle ranar. Ranar wasa kuma kada a saka sai saura minti goma, a ajiye ruwan sha a bayan dandamali, wani ɗalibi ya riƙe jaka da gam da salatif da allura da zare da ɗan baƙin fenti. In an tashi, a goge zufa ta ciki da tsumma, a cusa tsofaffin takardu a kwalkwali, a rataye a sito, a haɗa da takardun zubi a ambulan an rubuta sunan kowane yanki, 'yan shekara mai zuwa su tarar.